Amsa ga amaryar da ta yi tambaya kan alamar gicciye

Ƙanwata, salama. Kin ce ke 'yar cocin ECWA ce kin auri ɗan Katolika, a gidan miji kowa yana yin alamar gicciye kafin abinci da kafin barci, ke kuwa hannunki ya ƙi ɗaguwa saboda mamanki ta ce ba ta da maraba da laya. Kina son sanin ma'anarta, da ko zunubi ne ki yi. Na ga masu ce miki "bi mijinki kawai", na ga masu cewa "kada ki kuskura". Da ganin amsoshin nan kin san masu su ba su taɓa zama tsakanin gida biyu ba. Ni daga wani ƙauye a ƙasar Sumaila aka kai ni irin gidan da aka kai ki, har gobe ina ciki.

Kada ki ji haushin mama. Kakanninmu da hannunsu suka kwance layu da guraye suka ƙona, suka daina yanka wa iskoki bunsuru a gindin tsamiya, wasunsu har dangi suka rasa a kan haka. Duk abin da ya yi kama da na da, dole gabansu ya faɗi. Kuma turawan mishan na SIM, tushen cocin ECWA, da suka fara shigowa ƙasar nan a 1893 ba su zo da wannan al'ada ba, to ina mama za ta gan ta? Amma alamar ta girmi SIM, ta girmi rabuwar ikilisiyoyin ma baki ɗaya. Wajen shekara ta 200 wani malamin ikilisiya mai suna Tartuliyan, ɗan Afirka ne, daga Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yanzu, ya rubuta cewa Kiristocin zamaninsa suna zana ta a goshi in za su fita, in sun dawo, in za su sa takalmi, in za su ci abinci, in an kunna fitila, in za su kwanta. Bai ɓoye ba, ya ce babu ayar da ta umarta, gado ne daga na gaba. In mama ta ce ki nuna mata aya, ki faɗa mata gaskiya, babu. Amma rufe ido da haɗa hannu da aka koya mana a makarantar Lahadi, shi ma wace aya ce ta umarta? Kuma Martin Luta da kansa, wanda ya jagoranci rabuwa da cocin Katolika, a littafin koyar da bangaskiya (katikisim) da ya rubuta wa iyalai a 1529, cewa ya yi a yi ta safe da dare.

Ni ba a littafi na fara gane ta ba. Ɗana na fari ne ya kwanta da zazzaɓi tsakiyar damina, cikin dare jiki ya fara jijjiga, idanu suka juye. Rafi ya cika ya yanke hanya, maigidana ya fita neman mai babur ɗin da zai yarda ya zagaya. Ni da nake jan waƙa a zumuntar mata, ni da ake cewa na iya addu'a, wallahi bakina ya bushe, ko "Ya Ubangiji" na kasa kammalawa. Surukata, Allah ya ba ta hutawa, ba ta yi mini wa'azi ba. Babban yatsana ta kama ta ɗora a goshin yaron ta zana gicciye, ta ce, "Cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." Ni dai Amin na iya cewa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Mutuwar na ɗauka. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne maganar gwaggona a wurin zaman makoki. A gaban mata cike da tsakar gida, dangin mijina suna ji, ta tafa hannu ta ce, "Ai ga irinta nan. An bar addu'a an koma zane a goshi." Gwaggon da na yi wa surfe da daka tun ban kai turmi tsawo ba. Gwaggon da na yi jinya lokacin da 'ya'yan cikinta suke birni ba mai leƙo ta. Ƙasar kabarin yaron ko bushewa ba ta yi ba. Kuma ita ɗin nan, duk dangi sun san inda take zagayawa da zakara a ɓoye lokacin da 'yarta ta daɗe ba haihuwa, ba zan faɗa a nan ba. Babu wanda ya tanka mata, har yayyena, kowa ya sunkuyar da kai, sai tabarma ake kallo. Faston cocinmu na gida ne, Allah ya saka masa, ya biyo ni daga baya ya ce in cire wannan magana daga zuciyata, ba daga Allah ta fito ba. Ita kuwa har yau ba ta ce in yi haƙuri ba. Ina gaishe ta, ina aika mata da tuwon Kirsimeti, amma in na ce miki na manta na yi ƙarya.

To ki ji bambancinta da laya daga bakin wadda ta binne ɗa. Laya ciniki ce, ka biya boka ta tsare ka, in ba ta tsare ba an cuce ka. Gicciye bai taɓa yi wa kowa alkawarin ba zai rasa ɗa ba, ai a kansa Ɗan Allah da kansa ya mutu. Kin san shaidar da ake yi wa akuya a kunne? Ba ta hana ta ciwo, amma ko ina ta ɓata an san ta wane gida ce. Abin da surukata ta yi ke nan a daren: wannan yaro na Yesu ne, ko ya tashi ko bai tashi ba. Ki buɗe Ezekiyel 9:4, inda aka sa wa masu kuka saboda muguntar Urushalima shaida a goshi, ki haɗa da Ru'ya ta Yohanna 7:3, bayin Allah da hatimi a goshinsu.

Yadda katikis ɗinmu, mai koyar da addini a cocin Katolika, ya koya mana: goshi, kin ambaci Uba, kin miƙa masa tunaninki. Hannu ya sauko ƙirji, kin ambaci Ɗa, wanda ya sauko daga sama ya zama mutum, kin miƙa masa zuciyarki. Kafaɗar hagu zuwa ta dama, Ruhu Mai Tsarki, kin miƙa ƙarfinki, kuma ai da kafaɗa ake ɗaukar gicciyen da Yesu ya ce kowa ya ɗauki nasa kullum. Baki yana shaida Allah ɗaya ne cikin uku, hannu yana shaida Almasihu ya mutu dominki. Kalmomin kuwa su ne na Matiyu 28:19, da su faston ku ya yi miki baftisma. Ashe ba baƙon abu za ki faɗa ba, baftismarki kike tuna wa kanki. Ƙananan guda uku da za ki ga ana yi da babban yatsa kafin karatun Bishara a coci, a goshi da leɓe da ƙirji, roƙo ne Kalmar ta zauna a tunani da baki da zuciya. In kin ga wasu a Facebook suna fara taɓa kafaɗar dama da yatsu uku a haɗe, ba kuskure suka yi ba, 'yan Otodoks ne irin na Girka da Rasha.

Gaskiya ɗaya mama take da ita, ana iya mai da ita laya. Samarinmu suna wulga hannu kafin bugun fenariti ko kafin su buga caca a waya, baki bai ce komai ba, zuciya tana wani wuri. Ƙanin mijina haka yake yi, na sha yi masa faɗa. In haka za ki yi gara ki bari. Babu zunubi a yin ta, babu zunubi a barin ta, zunubin yana wurin yi don ganin idon surukai alhali zuciyarki tana ce miki tsafi ne. Ki fara ke kaɗai a ɗakinki, a hankali, kina furta sunayen. In kin je gida kada ki yi a kan kwanon mama don tsokana, ki bi addu'ar gidansu yadda kika taso.

Zancen kasuwa ko cikin mota tsakanin maƙwabtanmu Musulmi, kin san zaman da muke yi, ba sai na faɗa ba. Ni ina yin ƙarama a goshi da yatsa, ban yi don a gani ba, ban fasa don kunya ba. Kiristocin Masar ma a wuyan hannu suke yin zanen gicciye wanda ba ya gogewa, a tsakiyar Musulmi suke zaune.

Kuma don Allah, tunda amarya ce ke, in Ubangiji ya ba ki haihuwa ki sa gidan sauro tun kafin ruwan fari. Maganin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, ki karɓa, ki ba shi har ya ƙare. Jikin yaro ya yi zafi da rana, a tafi asibiti da ranar, kada a jira dare rafi ya kawo. Ki zana masa gicciye a goshi kina bisa babur.

Sai mijinki. Ki ce masa in ya je gaida mama ya bar musun addini a ƙofar gida, ko ita ce ta tayar. Ya riƙe mata sabulu da sukari, ya durƙusa ya gaishe ta, in ta ce a yi addu'a ya rufe ido ya ce Amin da ƙarfi. Nawa sai da ya koyi haka babata ta fara zuba masa fura a kwanon baba.