Kora daga aiki a Italiya: inda Kotun Tsarin Mulki ta sauya dokar Jobs Act

Malam, na karanta wasiƙarka, inda ka ce wata masana'antar jima a yankin Vicenza ta ɗauke ka aiki a 2019, ta kuma sallame ka makonni uku da suka wuce bisa hujjar cewa aiki ya ragu, alhali abokan aikinka sun shaida maka cewa an riga an sa wani a kan injin da kake tsayawa.

Tunda an ɗauke ka bayan 7 ga Maris 2015, dokar ƙwadago ta Jobs Act, wadda gwamnatin Firaminista Matteo Renzi ta kawo, ita ce ke aiki a kanka. Dokar ta taƙaita dalilan mayar da korarre bakin aikinsa, ta kuma ƙayyade diyya da lissafi guda, wato albashin wata biyu kan kowace shekarar aiki. A 2018, cikin hukunci mai lamba 194, Kotun Tsarin Mulki ta soke wannan lissafi, domin yana yi wa mutanen da asararsu ta bambanta kuɗin goro. Yanzu alƙali ne ke auna daɗewarka, girman kamfanin da halayyar ɓangarorin biyu, ya yanke tsakanin albashin wata 6 da wata 36, idan ma'aikatan sun haura 15.

Wanda ya fi shafar ka shi ne hukunci mai lamba 128 na 2024, wanda ya ce idan dalilin tattalin arzikin da aka kafa hujja da shi babu shi tun asali, ana iya mayar da ma'aikaci. A ganina nan ƙarfin shari'arka yake, amma jita-jita ba ta isa ba, sai an samu mai ba da shaida ko takardar jerin masu aiki.

Lokaci ne abin tsoro. Kana da kwana 60 daga ranar da ka karɓi takardar sallama ka rubuta ƙin amincewa, ka aika ta wasiƙa mai rajista, sannan kwana 180 ka shigar da ƙara ko ka nemi sulhu. Kada ka sa hannu a kan wata takardar sasantawa kafin lauya ko ofishin ƙungiyar ƙwadago kamar na CGIL ko CISL ya duba ta. Kuɗin rashin aiki na NASpI kuwa, a cikin kwana 68 daga ranar da aikin ya ƙare ake nemansa.