Zan iya mayar da rautar gida ma'ajiyar takardun kasuwancina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan gyaran mota, sari da ɗai-ɗai. Ina da yara biyu a shago, da abokin hulɗa mai yawan tafiya sayo kaya. Hotunan kaya, rasitai, jerin farashi da lissafin masu bashi duk a warwatse suke cikin wayoyinmu. Ma'ajiyata ta Google ta cika, an ce sai na riƙa biya duk wata. Ɗaya daga cikin yaran ya ce in na soka filash a bayan rautar gidana, wato na'urar da ke raba mana wayifai, na kunna wani abu wai shi FTP, kowa zai iya ajiyewa ya ɗauka daga ko'ina, kuma kyauta. Gaskiya ne? Yaya ake yi, kuma zai rage mini kashe kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaronka bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya kawo maka. Ana yi, kuma bai fi aikin minti goma sha biyar ba. Inda nake da ja shi ne wajen "daga ko'ina" da wajen "kyauta". Bari mu fara da mai sauƙin.

Ka juya rautar ka duba bayanta. In babu ramin USB, zance ya ƙare, wannan rautar ba za ta yi aikin ba. In akwai, ka samo filash ko faifan ajiya, amma kafin ka soka shi ka duba tsarin da aka yi masa. Filash da yawa da tsarin ajiya mai suna FAT32 suke zuwa, shi kuwa ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Ga hotuna da rasitai babu damuwa. In akwai dogayen bidiyo, sai a mayar da shi NTFS, ko exFAT idan rautar ta san shi, don ba dukansu suka sani ba. Faifai mai juyawa kuma yana da cin wuta. Ramin USB 2.0 bisa ƙa'ida wutar miliyamfa 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, shi ya sa za ka ga faifan ya ɗauka ya saki, ya ɗauka ya saki. Mai cajarsa daban ya fi zama lafiya.

Daga nan ka buɗe burauza a wayar da ke kan wayifan gidan, ka rubuta adireshin rautar. Galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, kuma yana rubuce a jikin takardar da aka manna a ƙasanta. Da ka shiga, kafin ka taɓa komai ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. Sai ka nemi sashen USB, ka kunna FTP, wato hanyar aika fayil da ɗauko shi tsakanin na'urori, ka zaɓi foldar da za a raba maimakon faifan gaba ɗaya, ka buɗe wa kowane mutum suna da kalmar sirri, ka fayyace wanda zai iya karantawa kawai da wanda zai iya ajiyewa da gogewa. Akwai wani maɓalli da aka rubuta wa Anonymous, wato kowa ya shigo ba suna ba sallama. A kashe shi. Don buɗe fayilolin kana buƙatar manhaja irin FileZilla ko WinSCP a kwamfuta, domin Chrome da Firefox duk sun daina buɗe FTP tun 2021. A waya kuwa manhajojin duba fayil da dama suna yi.

Iya nan ba ni da ta cewa. Duk wanda ke kan wayifan gidanka zai ga ma'ajiyar, wanda ke waje ba zai gani ba. Matsalar ita ce yaranka a shago suke, abokinka kuma yana kan hanya. Duk a waje suke. Ka ga ashe abin da kake nema shi ne a buɗe ƙofar gidan ta kallo titi.

Kafin ma a zo ga dacewa ko rashinta, ka fara gwada ko zai yiwu. A shafin rautar akwai inda aka nuna adireshin da kamfanin intanet ya ba ka. Ka kwatanta shi da wanda Google zai nuna maka in ka tambaye shi adireshinka. In sun sha bamban, ko kuma na rautar ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to galibi kamfanin ya haɗa ku ne ku da yawa a bayan adireshi ɗaya, kamar 'yan haya da ke amfani da lambar gida guda. Abin da ake kira CGNAT ke nan, kuma ya zama ruwan dare a rautocin da ke aiki da layin waya. A wannan hali ko ka kwana kana danne-danne babu wanda zai iso gare ka daga waje, sai ka sayi adireshi naka na kanka daga kamfanin, wanda sau da yawa kuɗin wata ne. Kyautar ta fara zubewa tun daga nan. In kuwa ka yi sa'a adireshin naka ne, to yana canzawa lokaci zuwa lokaci, sai an ɗaura masa suna tsayayye ta hanyar DDNS. Kamfanoni irin Asus da TP-Link suna ba da wannan a cikin rautocinsu, akwai kuma No-IP da DuckDNS. Sannan FTP ba da ƙofa ɗaya yake aiki ba: umarni yana bi ta ƙofa mai lamba 21, kayan kuma su bi ta wata daban, abin da ya sa mutum zai ga ya shiga lafiya amma jerin fayiloli ya ƙi fitowa.

A ce duk ka tsallake waɗannan. Nan ne nake so ka saurare ni da kunnen ɗan kasuwa.

FTP tsohon hannu ne. An fara rubuta shi a 1971, tsarin da ake bi yanzu kuma na 1985 ne, zamanin da masu amfani da kwamfutocin da ke haɗe da juna 'yan tsiraru ne a jami'o'i da cibiyoyin bincike, kusan kowa ya san kowa. Saboda haka ba a yi masa sutura ba. Sunanka, kalmar sirrinka da duk fayil ɗin da ka aika a fili suke tafiya, kamar wasiƙar da ba a sa a ambulan ba. Abokinka ya sauka a otal ya hau wayifansu ya buɗe ma'ajiyar, wanda ke iko da wannan wayifan zai iya karanta komai. Kada kuma ka ce wa ya san ni balle ya neme ni. Ba mutum ne ke nemanka ba. Manhajoji ne ke zagaya adireshin duniya dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 21, duk inda aka amsa su fara gwada kalmomin sirri.

An taɓa gani. A watan Fabrairun 2014 masu rautar Asus da dama sun buɗe faifansu suka tarar da wata 'yar takarda da ba su suka ajiye ba, tana shaida musu cewa kowa a duniya na iya ganin kayansu. Hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka, FTC, ta ce an shiga ma'ajiyar mutane fiye da 12,900, kuma a 2016 kamfanin ya amince a riƙa binciken tsaron kayansa har shekara 20. An gyara wannan ɓarakar tuni, ba don in ɓata kamfanin na kawo labarin ba. Na kawo shi ne don ka ga cewa mutanen nan ba su yi wani ganganci na musamman ba, abin da yaronka ya ce ka yi shi suka yi.

To me ke cikin ma'ajiyar taka? Hoton fitilar mota ko wa ya gani ba abin da ya rage ka da shi, talla ma ya yi maka. Amma farashin da kake sarowa, sunan wanda kake sarowa a wajensa, da littafin bashi mai ɗauke da sunayen mutane da lambobinsu, waɗannan su ne kasuwar kanta. Na ƙarshen ma ba naka ba ne kai kaɗai, amana ce a hannunka. Wanda ya samu jerin waɗanda kake bi bashi zai iya kiransu ɗaya bayan ɗaya da sunanka ya ce an canza asusun biya. Kwatanta wannan da kuɗin watan da kake gudu. Kada garin gudun gara a faɗa gidan zago.

Akwai kuma lissafin da yaron bai yi ba. Duk abin da mutumin waje zai ɗauka daga gidanka, da saurin aikawa na layinka zai tafi, kuma a yawancin layukan gida saurin aikawa bai kai na saukewa ba. Da megabit 10 a daƙiƙa, gigabait ɗaya zai ci sama da minti 13, in ba kowa a kan layin. In datarka a ƙirge take, kowane hoto da mutumin waje ya sauke daga ma'ajiyar a kanka yake. In wuta ta ɗauke a gida, ko wani ya zare filogi don ya yi caji, shago ya tsaya da kwastoma a gaba. Abin da ya fi damuna ma shi ne filash ɗaya a bayan rauta ba ajiya ba ce. Ba ya sallama in zai mutu, kuma yankewar wuta ana cikin rubutu na iya lalata abin da ke ciki. In yaro ya goge folda bisa kuskure, a yawancin rautoci babu kwandon shara da za a je a tono ta. Masu wannan sana'a suna cewa kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Kai kuma kana shirin komawa kwafi ɗaya.

Ga abin da zan yi da ni ne. Ka lura, abin da ya cika maka gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta ba lissafi ba ne. Littafin bashi na shekara da shekaru da ƙyar ya kai nauyin hotuna biyu ko uku. Hotuna ne da bidiyo, kuma rabinsu na kayan da aka sayar tun bara. Wato mai nauyin ba sirri ba ne, mai sirrin kuma ba shi da nauyi. Sai ka raba su. Tsofaffin hotuna da bidiyo su koma faifan da ke bayan rauta, a cikin gida kawai, ƙofar waje a rufe, tare da kwafi na biyu a wani faifan da za ka riƙa sabuntawa kana ajiyewa a wani wuri. Wannan aikin rautar za ta yi maka shi da kyau. Wurin da ya samu a Google ya ishi lissafi, jerin farashi da hotunan kayan da ke ƙasa yanzu, kowane yaro da nasa asusun, ka ba shi iya abin da ya shafe shi. Ranar da ɗaya ya bar aiki, dannawa ɗaya ce ka cire shi. Wasu rautocin kuwa suna ɗaya tak suke bayarwa, kowa da kowa da mabuɗi guda, in mutum ɗaya ya tafi sai an canza wa kowa.

In duk da haka abokinka ya matsa sai ya shiga faifan gida daga kan hanya, to ba ta FTP tsirara ba. Ka duba ko rautar tana da sabar VPN, ko dai WireGuard ko OpenVPN. Da ita wayarsa za ta zama tamkar tana cikin gidan, duk abin da ke tafiya tsakani kuma a lulluɓe. In babu, ka duba ko FTP ɗin yana da zaɓin TLS, mai lulluɓe abin da ake aikawa, ka tilasta shi. In shi ma babu, ko kuma kamfanin ya daina fitar wa rautar da sabuntawa, ka haƙura da shiga daga waje.

Ka fara da gwajin adireshin nan yau da dare, minti biyu ne. In ya nuna 100.64 ko makamancinsa, ka tambayi kamfanin intanet ɗinka nawa adireshi na kanka yake a wata, ka ajiye kusa da abin da Google ke nema, sannan ka kira yaron ku duba tare.