Garin furen da ka ajiye, yana da rai kuwa?

Ka tambaye ni ko garin furen tumatir da ka tara makon jiya zai yi barbara yau, tunda launinsa bai canza ba. Ɗana, kada launi ya ruɗe ka. Garin fure, wato ƙurar nan da ɓangaren namiji na fure ke fitarwa don barbara, abu ne mai rai, kuma da rayayye da matacce duk rawaya ne a ido.

Fara duba wace shuka ce. Na shinkafa mintuna kaɗan yake yi a iska ya mutu. Na masara sa'o'i ne, in rana ta ƙwalle ma ba ya kaiwa haka. Irin waɗannan ba sa jure bushewa, don haka da safen da ka kakkaɓo shi za ka zuba a gashin masarar. Tumatir, barkono da dabino kuwa suna jurewa. Masu noman dabino sukan ajiye na bana su yi aiki da shi baɗi.

To, naka a ina ya kwana? In a leda ka ƙulle shi da danshinsa cikin ɗaki mai zafi, zubar da shi kawai. Danshi ya fi zafi ɓarna. Shanya shi a takarda a inuwa, kwana ɗaya ko biyu, sannan ka zuba a ƙaramar kwalba mai murfi tare da ƙwayoyin silika masu shanye danshi. Firji, wajen digiri 4, zai riƙe maka shi makonni. Firiza, digiri 18 ƙasa da sifili, watanni. Kuma in ka fito da kwalbar, kada ka yi garajen buɗewa. Bar ta ta huce sanyi tukuna, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a kan garin.

Abin da ke cutar mai samar da iri shi ne garin da ya tsufa amma bai mutu ba. Kowace ƙwayar garin sai ta fitar da siririn bututu ya gangara cikin furen mace, kuma bututu ɗaya iri ɗaya yake haifarwa. Tsohon gari bututunsa ba ya sauri, wani ya tsaya a hanya. Tumatirin zai ɗaure, ka ɗauka aiki ya yi, ranar da ka yanka ka tarar da iri 'yan ƙalilan.

Saboda haka gwada kafin ka shiga gona. Ɗiga ruwan sukari mai ɗan sinadarin boron a kan gilashi, barbaɗa garin, bayan 'yan sa'o'i ka duba a madubin ƙara girma. In waɗanda suka fitar da bututu ba su taka kara sun karya ba, je ka taro sabo.