Amsa ga ɗan'uwa daga Ringim kan shirin horon masu sabon digiri

Malam, ka ce ka gama kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya Dutse, kana tambaya ko shirin da kamfani ke zagayawa da sabon ma'aikaci sashe-sashe ya fi aiki kai tsaye. A ganina ya fi. Watanni kana gwajin manhaja, sai a kai ka rumbun bayanai, sannan wajen masu rubuta manhajar. Nan za ka gane inda hannunka ya faɗa, kuma manya suna duba aikinka layi-layi.

Amma fa galibi sai da takardar bautar ƙasa ta NYSC, wasu har iyakar shekaru suke sawa, kada ka yi sanya. Jarrabawar farko ta neman shiga galibi ta intanet ce, ga agogo yana gudu. Ranar ka shigo Kano ko Dutse don samun intanet mai kyau, kwamfutarka cike da caji. Ka zuba ayyukanka a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, tun yanzu.