Amsar tambayarka kan harsashi, daga kakanka

Wa alaikumus salam abokina. Saƙonka ya iso, ƙanwarka ce ta karanta min tun da idon nan yanzu sai a hankali, ita ce ma ke rubuta wannan ina faɗa. Na yi dariya har kakarka ta leƙo tana tambayar lafiya, nace mijinki na Amurka ne wai ya zama maharbi. Kai da ko zakaran Sallah aka ce ka riƙe sai ka kau da kai! Toh barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma bayan dariyar sai gabana ya ɗan faɗi.

Kace abokan aikinka za su tafi da kai duwatsun Colorado a watan Oktoba farautar wannan dabba elk, wata ƙatuwar dangin barewa, namijinta ya kan haura kilo 300, kun yanki lasisi, an ara maka bindiga .300 Winchester Magnum mai madubi, kuma kana so in zaɓa maka tsakanin harsashi uku, Nosler Partition mai nauyin giren 180 a ma'auninsu na harsashi, da Barnes na tagulla zalla, da Hornady ELD-X da aka yi don nesa, saboda su daga yadi 600 suke harbi. Sannan ka tambaya ko a al'adarmu akwai abin da maharbi ke yi kafin ya zaɓi abin harbi. Yadi 600 fa kace. Daga ƙofar gidanmu har bakin kasuwa kenan, a nan ko kakarka ce ta taho ba zan gane ta ba.

Mu da muka taso harba-ka-ruga muka sani, maƙeri ke ƙera ta, ka zuba albarushi ka danna tsumma ka zuba dalma ko guntayen ƙarfe ka sake dannawa da tsinke, harbi ɗaya tak, in ka kuskure kafin ka sake ɗurawa nama ya kai wani gari. Babana kuwa har ya rasu ya fi yarda da bakansa da kibiya mai dafin ƙwanƙwani. Shi ya sa duk aikin a matsowa yake. Ya kan ɗaura kan burtu a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana caccakar ƙasa yadda tsuntsun ke yi, gwanki na kallonsa yana ci gaba da kiwo. Da 'yar jakar toka a wuyansa, ya kaɗa ya ga inda iska ta nufa. Cewa yake "sai ka ga ƙuda a idon nama kafin ka ɗaga hannu."

Akwai wata shekara bayan samun 'yancin kai kaɗan, lokacin hunturu an gama ƙona daji, sabuwar ciyawa ta fara tsirowa a fadama, wani babban ma'aikaci ya zo daga birni da bindigar Bature, Sarkin Baka ya haɗa shi da babana ya kai shi dajin Burra ta wajen Ningi, ni ina biye da gorar ruwa. Da hantsi muka hango gwanki uku a hayin fadama. Baba ya yi masa alama a zagaya ta ƙorama, mutumin yace ai wannan bindigar ba ta buƙatar rarrafe, ya jingina da kirya ya ja kunama. Muka ji ƙarar ta sauka tim, babban namijin ya ƙanƙance bayansa ya yi tsaye kaɗan, sannan ya bi sauran yana tafiya a hankali. Mutumin sai murna yake wai ya same shi. Baba bai ce uffan ba. Da muka isa wurin ya tsuguna, ya shafi ciyawa da yatsa ya sansana, ya nuna min, jinin kaɗan ne, baƙi-baƙi, gauraye da wani koren ruwa mai wari da ɓurɓushin ciyawar da dabbar ta ci. Nan ya koya min abin da har yau ban manta ba, jini mai haske da kumfa na huhu ne, naman na nan kusa, baƙi wuluk na hanta ne, a ba shi lokaci zai kwanta, wannan kuwa tumbi aka fasa, Allah kaɗai ya san inda zai tsaya.

Haka muka bi sawu rana na dukanmu, ɗigo nan ɗigo can, wani wurin sai dutsen da kofato ya juya kawai Baba zai nuna. Mun tashe shi a kwance cikin gamba wajen la'asar, da ƙyar ya miƙe, ya shige sarƙaƙiya. Magariba ta yi muka kwana a gindin tsamiya. Washegari ungulaye suka nuna mana shi, kuraye sun taɓa cinya ɗaya amma sauran na nan, nama jibgi. Mai bindiga ya zaro wuƙa, Baba yace a'a, wannan ya kwana ba a idonmu ba, mushe ne. Mutumin ya yi ta magiya, daga ƙarshe ƙahon kawai ya sare ya tafi da shi. A hanyar gida Baba yace min "da muguwar rawa gara ƙin tashi", bai ƙara ba, kuma bai sake raka wani baƙo mai bindiga ba.

Da na girma na zauna gaban malam na tarar abin na cikin Risala, abin da makaminka ya kashe ka ci matuƙar bai kwana ɓoye gare ka ba, in ka riske shi da rai ka yanka, kuma farauta don wasa kawai makaruhi ce. Saboda haka bismilla lokacin da za ka harba, wuƙa mai kaifi a ƙugunka, kar ka barta a mota.

Batun harsashin naka, labarin da ka ban na shi Nosler ɗin, mutumin da ya ƙirƙiro harsashin, ya burge ni, kace a 1946 ya harbi wata ƙatuwar dabba da ta sha taɓo a Kanada harsashin ya tarwatse a kafaɗa bai shiga ba, sai ya koma gida ya ƙera mai shamaki a tsakiya, gaba ya buɗe baya ya ci gaba da kutsawa. Wannan tunanin maharbi ne. Babban nama ƙashinsa kauri gare shi, abin da zai fasa karfata ya ratsa huhu biyu ake so. Na tagullan kace ba ya barin dalma cikin nama, madalla, amma kai da bakinka kace in gudunsa ya ragu ba ya buɗewa sosai, to nesa ai ita ke cinye gudu. Kuma kace a wannan nisan harsashi na sauka kusan tsayin mutum, 'yar iska ta ture shi ƙafa biyu, ya fi rabin sakan a hanya. Dabba ta ɗaga ƙafa taku ɗaya a wannan lokacin, ina ya sauka? Tumbi.

Ku yaran yanzu komai sai a waya, na'ura ta auna nisa, waya ta lissafa iska, an bar wa ƙafa da hanci hutu. Cikin abokan naka akwai wanda ya iya bin sawu a kan dutse? Ka tambaye su, tun da kace dokarsu ma ta hana a bar nama ya lalace a daji. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, ka je filin gwaji tun yanzu ka harba wanda bindigar ta fi so, a kwance da a durƙushe, bayan ka yi gudu kana haki, don a kan dutse haka za ka kasance.

In Allah ya ba ka, a wurinmu maharbi ba ya shiga gida da nama duka, Sarkin Baka na da kasonsa, wanda ya taya ɗauka na da nasa, maƙwabta ma haka. Can ba ku da Sarkin Baka, sai ka fitar wa wanda ya ara maka bindiga da limaminku. Kakarka tace rigar nan mai ruwan lemo da ake tilasta wa maharba sawa kar ka cire ta ko zafi ya dame ka, kuma ka kira uwarka ka gaya mata da kanka, ni ba zan ɗauki wannan saƙon ba.