Inda za ka ji tsohon kiɗan rock a Landan

Malam, tunda ka ce za ka Landan kuma kana neman tsofaffin waƙoƙin rock irin waɗanda rediyo ba ta cika sawa ba, gaskiya ka manta da katafaren zauren wasanni na O2 Arena, can sai tsadar tikiti. Ka nufi 100 Club a titin Oxford, ɗan ƙaramin waje ne a ƙarƙashin ƙasa, tun 1942 ake kiɗa a wurin, har shahararrun mawaƙan rock ɗin nan Rolling Stones sun taɓa wasa ciki, mawaƙa na dab da kai kana ganin zufarsu. Akwai kuma Roundhouse a Camden, da can rumfar kawunan jirgin ƙasa ce. Waƙoƙin da aka manta kuwa yawanci suna bayan faifai ne, wato ɗaya gefen da ba a cika sawa ba, sai ka leƙa shagunan tsofaffin fayafayai na titin Berwick a Soho ka yi ta tono.