Tambaya da Amsa: Nas ɗin masu lalurar ƙwaƙwalwa da aikin kwana uku a sati

Anti barka da warhaka. Ni nas ce, na yi kwas ɗin kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa, na ajiye aiki da na haifi tagwaye, yanzu sun shiga makaranta. Wani gidan gyaran 'yan ƙwaya mai zaman kansa ya ce in riƙa zuwa kwana uku a sati, kuɗin ba laifi, amma likitansu sai ƙarshen wata yake leƙowa. In karɓa?

Toh ƙanwata, Allah ya raya tagwaye. Maganar likitan nan ita ta tsaya min a rai wallahi. In likita sai wata-wata, waye ke rubuta magani a sauran kwanakin? Ke za su ɗora wa, kuma kin san lasisinki na NMCN, wato hukumar kula da nas da ungozoma ta Najeriya, bai ba ki wannan ba, ranar da wani yaro ya sanƙare bayan allurar haloperidol ko ya kasa farkawa daga diazepam, mai gidan zai zame ne ya bar ki da iyayen yaro da hukuma. Kafin ki ce eh, ki je da ƙafarki ba tare da sanarwa ba, ki ce a nuna miki ɗakin kwanansu da takardar rajistar wajen daga ma'aikatar lafiya ta jiha. In kika ga mari ko sarƙa ko da ɗaya ce, ki juya. Ba mu manta Rigasa ta Kaduna ba a 2019, mutum sama da 300 aka fito da su daga wani gidan mari, da yawansu a ɗaure. Kuma tun Janairun 2023 da Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, majinyacin nan yana da haƙƙi a doka, ba a ajiye shi kamar kaya.

Aikin da zai dace da ke akwai shi, masu irin kwas ɗinki ba su da yawa. Ki nemi lokum, wato aikin wucin gadi, a kilinik ɗin da likita ke zama, ko koyarwa a kwalejin nosin, ko ƙungiyoyin agaji masu aiki da 'yan gudun hijira. Amma fara duba lasisinki, duk shekara uku ake sabuntawa, tunda kin daɗe a gida ina zargin ya ƙare.

Anti na ga tallar kwas na onlayin, wai wata shida in zama PMHNP, wato babban nas ɗin ƙwaƙwalwa mai duba majinyaci da kansa, kamar na Amurka in riƙa ganin marasa lafiya ta bidiyo daga gida bayan na tashi duti. Ina aiki a asibitin gwamnati. In biya?

Kar ka biya, ƙanena. Wannan matsayin na Amurka ne, sai ka ci NCLEX, jarrabawar nas ta can, ka samu lasisin nas na wata jiha a can, ka yi mastas ko dakta da ɗaruruwan awanni a asibiti ƙarƙashin mai duba ka, sannan jarrabawar ƙwarewa. Wata shida ba ta kawo wannan. Gara ka tara kuɗin nan ka nemi kwas ɗin ƙwaƙwalwa da NMCN ta amince da shi, irin na asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Sannan tunda kai ma'aikacin gwamnati ne na cikakken lokaci, kundin tsarin mulki noma kawai ya yarje maka a gefe, saboda haka duk wani aikin bayan duti ka fara tambayar ofishinku a rubuce.